Wasiƙar Moris da Na Ɓoye Maka, Ammu Shaukat

Ammu Shaukat, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama: wasiƙar da ka yi wata bakwai kana jira ta iso. Tana cikin littafin soyayyar da nake ajiyewa ƙarƙashin matashina.

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, bayan la'asar, matarka Tant Nawal ta leƙo daga hawa na uku ta kira Baba da wata murya da ban san ta da ita ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka tafi, molonka na jingine da kujera.

Duk unguwarmu a Iskandariyya an san ka da fim ɗin barkwancin nan da kuka yi a tsibirin Kubrus, kai da Moris, Bayahude mai goge daga Haifa ta Isra'ila. Tsofaffi biyu suna ta faɗa kan waƙa ɗaya, kowa na rantsuwa kakarsa ce ta ƙirƙiro ta. Da ka dawo, 'yan gidan shayi suka daina amsa sallamarka. Ba ka fasa yi musu sallamar ba. Ka ce da Baba, "Bar su, sun kalla a ɓoye sun yi dariya, shi ne abin da ke ci musu rai."

Ni 'yar maigadi ce, ni ke raba wasiƙun gidan nan. Kullum na hau bene sai ka miƙo min wainar basbusa mai zaƙi ka ce, "Amarya, tsohon jakin nan bai rubuto ba?" Kai da Moris kun raba wata sabuwar waƙa, shi zai tsara farkonta, kai ka ƙarasa. Moris ba ya taɓa waya, sai takarda.

A watan Yuni ta zo, ambulan shuɗi mai ƙamshin turare. Littattafan soyayyar nan suka cika min kai, na raya a raina wata mace ce ke sonka a asirce. Na kara ambulan a tururin buta. Ya yage, tawada ta zuba a gefe. Babu wata mace. Layukan kiɗa ne, da jimla ɗaya cikin Larabci karkatacce: "Ga rabina, malalaci. Ka ƙarasa kafin ɗayanmu ya mutu."

Kunya ta hana ni kawowa. Na ce gobe. Goben ta yi ta tafiya, kai kuma ka rage tambaya. Ranar da na ji ka ce wa Tant Nawal, "Ƙila shi ma an matsa masa ne, ba laifinsa ba," sai da na zauna a matakala na yi kuka. Duk da haka na karɓi basbusar washegari.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba Tant Nawal da ɗanku Hazim haƙurin rashinka. Ni kuma ka yafe min, in ana yafiya daga can.

Hazim ya iya molo, kai ka koya masa, ƙila ya ƙarasa rabinka. Moris kuma yana can yana zaton ka share shi. Na ciro wasiƙar daga littafin, ban liƙe inda ambulan ya yage ba. Yanzu zan hau in ba Tant Nawal hannu da hannu, in faɗa mata tun yaushe take wurina.

Gihan, 'yar maigadi