Zinaren da Na Ɗauko wa Malama Rifkatu

Zariya zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga ɗakin kwanan ɗalibai, ba mai rakiya. A jakata akwai fulas cike da ƙanƙara, a tsakiyar ƙanƙarar kuma 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Shekara biyu na yi a ɗakin gwaji kafin abin da ke cikinta ya samu: ƙulle-ƙullen zinare, kowane ƙulli ƙwayar zarra ashirin da biyar cif. Aikinsa ingiza sinadarai su haɗu da sauri, shi kuwa ba ya ƙarewa. In aka barbaɗa shi a kan wani garin sinadari aka ɗumama, gubar nan ta hayaƙin janareta mai kashe mutane a ɗaki sai ta koma irin iskar da muke fitarwa ta hanci. Ka ƙara masa ƙwaya ɗaya ko ka rage, halinsa ya canja.

Malama Rifkatu zan kai wa ta gani. Mutuniyar Filato ce, ita ta koya mana kimiyyar sinadarai a sakandare a Potiskum. Ranar da na samu gurbin karatu ta ce, "Hauwa, duk abin da kika fara haɗawa da hannunki, ki kawo mini in gani." A lokacin tafiyar nan an katse layukan waya a Yobe saboda rikici. Wata biyu ban ji muryarta ba, ban ji ta Innata ba.

Kano zuwa Azare

Takwas saura na isa tashar Kano. Motar Potiskum ba ta cika ba sai goma da kwata, kuɗinta naira dubu biyu. Direban ya leƙo ya ce, "Hajiya, akwai katin shaida? Wanda ba shi da shi ya sauka tun nan."

Muka wuce Wudil, muka wuce Shuwarin, ba mai ce wa ɗan'uwansa uffan. Da can motar garinmu ba ta rasa gardama, wannan na Ngizimanci, wancan na Bolanci. Ran nan kowa tsoron na kusa da shi yake. A Azare muka yi azahar. Na ci shinkafa da wake ni kaɗai a kan benci, na sayi ƙanƙara na ƙara wa fulas, don zafi na lalata ƙullen.

Shingen Nangere

Ƙarfe uku da minti ashirin muka kai shingen sojoji na tara. Aka ce kowa ya sauko ya taka, hannu sama. Wani soja ya buɗe jakata, ya kwance fulas, ya zaro kwalbar.

"Mene ne wannan?"

"Zinare ne, ranka ya daɗe."

Ya ɗaga ta ga rana. Ruwa ne ja-ja mai duhu. "Zinare rawaya ne. Ni za ki raina wa hankali? Tsuguna can!"

Na tsuguna a bakin titi. Fasinjojin motarmu duk suka kau da kai. Na san abin da kalmar sinadari ke jawo wa mutum a hanyar nan, don haka ban furta ta ba. Babbansu ya zo, na miƙa masa takardar makarantarmu, ya karanta har sau biyu, ya ce, "In zinare ne, nawa zai yi a kasuwa?"

"Ko kuɗin ruwan leda ba zai yi ba. In ya yi ƙanƙanta haka launinsa ma canjawa yake."

"To me ya sa kika ɗauko shi kika shigo wuta?"

"Malamata zan nuna wa."

Sai ya miƙo mini ita. Minti arba'in kwalbar ta yi a rana. Da na koma mota, matar da ke kusa da ni ta ja jikinta.

Potiskum

Huɗu da rabi muka shiga gari. An hana hawa babur, sai na taka zuwa unguwar su Malama, saura awa ɗaya da rabi dokar hana fita ta fara. Shagunan Inyamurai na bakin hanya duk a rufe. Ƙofar Malama da kwaɗo, bishiyar gwandarta ta bushe.

Maƙwabcinta Baba Maina, tsohon tela, ya fito. "'Yata, kin makara. Sati uku ke nan da tafiyarta. Da aka rufe makarantu ta zauna, da aka jefo mata takardar barazana a tsakar gida ma ta zauna. Sai da ɗanta ya zo da mota yana kuka."

"Wane gari, Baba?"

"Wajen Jos dai. Ban riƙe sunan ba."

Ya shiga ya fito da kwali ɗaure da igiya. Littattafanta ne na koyarwa. "Ta ce duk ɗalibin da ya zo nemanta in ba shi. Ke ce ta farko."

Na zauna a dakalinta na fito da kwalbar. Launin bai canja ba. Na nuna wa Baba Maina, ya duba da kyau, ya ce Allah ya sa albarka, bai tambayi ko mene ne ba.

Gida

Na ɗora kwalin a ka. Shida saura minti biyar na buga ƙofarmu, sai na ji Inna daga ciki, murya ƙasa-ƙasa: "Wane ne?" Sau uku na faɗi sunana kafin ta zare sakata.

Na gode wa Allah da ya kawo ni lafiya, na gode wa Baba Maina da ya riƙe amana. Wanda duk ya san inda Malama Rifkatu take a ƙasar Filato, ya gaya mata Hauwa ta zo.