Yankakken Zakaran Nu'uman

Duk baƙon da ya sauka tashar Daura ya ce a kai shi wajen Nu'uman mai agogo, ɗan acaba ba ya tambayar layi. "Yankakken Zakara ke nan," zai ce, ya ba babur wuta.

Nu'uman ya gaji gyaran agogo wurin kawunsa, tun zamanin da ango ba ya cika ango sai da agogo a hannu. Da wayar hannu ta shigo gari, aiki ya ɗauke. Abokan sana'arsa suka koma sayar da caja, shi kuwa ya rantse ba zai tsufa yana tallan igiya ba. Ya ce tunda mutane sun daina duba hannu, zai sa su ɗaga kai.

Haka ya shiga tsince-tsince. Tsohon farantin setilayit ya zama fuskar agogo, sarƙar keke da haƙoran injin niƙa suka zama hanjinsa. Matarsa Rauda ta nemi murfin babbar tukunyarta sama da ƙasa, sai daga baya ta hango shi a kan soron shago yana aikin ƙofa. Ta wannan ƙofa ce zakaran kwano, ja jawur, yake leƙowa duk awa, zugazugin maƙera ya hura masa iska, ya yi cara irin ta mai mura. Ba a jima ba baƙin da ke zuwa ganin rijiyar Kusugu suka fara biyowa ta nan, a tsaya cikin rana ana jiran fitowar tsuntsu.

Sai Malam Zakiyyu, mai koyar da littattafai a zauren da ke kallon shagon, abokin Nu'uman tun suna kiwon awaki, ya tsallako titi. Ya ce agogo ba laifi, amma a kafe siffar abu mai rai a sama jama'a na ɗaga mata kai, zuciyarsa ba ta kwanta da wannan ba, kuma dattawan unguwa sun ce a sauke. Nu'uman ya ce mai son saukewa ya kawo tsaninsa, amma ya sani shi zai tarar zaune a kan soron. Malam ya ce ba faɗa ya kawo shi ba. Abin da ya karanta dai, siffar da ba ta da kai ta zama kamar itace; sai dai ya san ko ɗaure Nu'uman za a yi, ba zai taɓa kan zakaran nan ba.

Malam ya san abokinsa. Wajen ƙera kan nan Nu'uman ya ƙarar da gwanintarsa, har da zanko mai rawa da idanun duwatsun wuya. Ya yi kwanaki yana amsa sallamar Malam a daƙile, tuwo ma sai an matsa masa, har Rauda ta gaji.

"Maigida, wai cara kake so ko zanko?"

Ranar kasuwa da hantsi Nu'uman ya hau soro da almakashin yanka kwano, titi cike da mutane.

"Malam, fito ka shaida, kar gobe a ce mushe ne."

Ya juya zakaran gabas, kamar yadda ake yi wa kowace kaza mai mutunci, ya datse wuyan. Ya jefa kan a aljihu, ya gyara zama, ya ƙi saukowa. Da awa ta cika, murfin tukunya ya buɗe, gangar jiki ta leƙo ta saki cara ta maƙogwaro, har ta fi ta da fita tunda babu bakin da zai tare ta.

"To, a zo a sauke shi yanzu in gani," in ji Nu'uman.

Malam Zakiyyu ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Ya ce shi bai taɓa ganin abin da aka yanka ya ƙi yin shiru ba sai a gidan Nu'uman, kuma ba mamaki, gado ne. Ya koma zaurensa, dattawa ba su sake tayar da maganar ba.

Agogon na nan har gobe, yana gaggawa da bazara, yana nawa da damina, mai shi kuma bai yarda ya taɓa kuskure ba. Kan zakaran kuwa yana bisa teburin aikinsa, kullum a goge, ya sa ido a ƙofar zauren Malam.