Jarkar da Baba ya zaɓa

Motar Baba ta girme ni. Ƙirar Faransa ce, fara, mai giya a jikin sitiyari, irin wadda yanzu in ka shiga tasha da ita sai direbobi su bar shayinsu su zo kallo. Ya saye ta tun yana safarar hatsi tsakanin Jibiya da Maraɗi, kuma ni dai tun tasowata ban ga ya shagwaɓa ɗa yadda ya shagwaɓa motar nan ba. Mu in muka yi tari sai a ce mu sha ruwan zafi. Ita in ta yi tari, ranar ba mai ganin fara'arsa a gida.

Abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne mai. Da aka daina kawo fetur gidajen man da ke kusa da iyaka, sai garin ya koma hannun 'yan bumburutu, masu sayarwa a jarka da kwalba a bakin titi. Jarka guda yau ta ɗauko fetur, gobe ta ɗauko gas, ba mai wanke ta. Babura sukan haɗiye su wuce da hayaƙinsu. Tamu kuwa ba ta yafiya, kuma kayan injinta sun daɗe da ƙarewa a kasuwa. In ta buga, ta buga ke nan.

Don haka Baba ba ya sayen mai sai ya gwada. Yakan ɗiga kaɗan a bayan hannunsa, ya hura, ya kai hanci. Mai kyau nan take yake bushewa ya bar fatar fari fat. Gauraye kuwa yakan bar maiƙo da wani nauyin wari. Ya yi suna da wannan har masu sayarwar da kansu sukan tsayar da shi ya duba musu kaya kafin su karɓa. In ya ce jarka ba ta yi ba, ranar mai ita sai ya canza bakin titi.

Sai hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannun dama ya rage ji, ido ya yi rauni, hanci kuma ya tafi gaba ɗaya. Inna ce ta fara ganewa, ranar da miya ta ƙone yana zaune kusa da murhu bai ce uffan ba, shi da a da ƙauri kaɗan ke sa ya tada gida. Ta ja ni gefe ta gaya mini, ta ce kada in kuskura in nuna masa mun sani. Shi ma bai taɓa faɗa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi muka shirya zuwa Riko ta'aziyya, ni ke tuƙi. Na so in sayo man ni kaɗai tun da safe, ya ce yaushe na fara. Muka tsaya wurin wani mutumin Maraɗi da ya daɗe yana sayar mana, mai ladabi, mai yawan surutu. Yana hango motar ya miƙe ya jero jarka uku.

"Alhaji, sannu da ƙarhin jiki," in ji shi. "Ga su nan, yanzu aka sauke. Ka hi ni sanin wadda ta dace da tsohuwa."

Kafin Baba ya fito, 'yan acaɓa da 'yan dako sun kewaye mu. Wata nawa ba su ga wannan kallo ba. Ya bi jarkokin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga, ya hura, ya shinshina, kamar yadda ya saba. Ina tsaye dab da kafaɗarsa. Da aka buɗe ta tsakiya warin gas ya doki hancina tun kafin a karkata ta. Na kalli bayan hannunsa, maiƙo na ƙyalli a rana. Sai na ji ya ce, "Wagga ta tsakiya. Zuba mata."

Wallahi na buɗe baki. Amma me zan ce? In ce Baba ka yi kuskure, a gaban mutum ashirin da suka taru saboda hancinsa? A garinmu ɗa ba ya gyara wa uba magana a bainar jama'a ko da a kan farashin albasa ne, balle wannan. Na ce ko mu ɗauki rabi mu ƙara a gaba. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Mi ka sani game da mai?" Aka yi dariya. Na riƙe mazurari da hannuna, ina kallo yana shiga tanki, raina yana ƙuna.

Na yi ta lallaɓa ta a hanya, ina fatan ragowar man da ke tanki zai tsarma shi. Ba mu yi nisa da gari ba sai ta fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na ce mu tsaya. Ya ce sanyi ne, in na taka ta za ta washe. Na taka. Farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, ta yi jijjiga biyu, ta mutu a gefen wata gonar gero.

Bakaniken da muka kira ya kwance fulogi ya shinshina, ya ɗago zai yi magana. Na riga shi. Na ce ni ne na ƙara mata wani mai da safe ba da sanin Baba ba. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ban san lokacin da ta fito ba. Baba yana ta kallon gero. Da igiya aka jawo ta gida. Bakaniken ya buɗe injin ya ce fistin biyu sun tafi, ya nema har Maraɗi da Kano bai samu ba.

Labari ya bazu cewa ɗan boko ya kashe motar ubansa. A majalisar ƙofar gidanmu kullum sai an taɓa ni. Wani ya ce in kawo hancina a wanke, wani ya ce ko keke kada a ba ni aro. Ina jin haushi ƙwarai, don ni ba mai haƙurin tsokana ba ne, amma nakan yi yaƙe in wuce.

Wata la'asar abokan Baba sun cika tabarma, aka sake ɗauko zancen ina zuba musu shayi. Sai Baba ya gyara murya.

"Ku bar shi haka nan," ya ce. "Ni na zaɓi man. Ba ni jin wari tun da na kwanta."

Na tsaya da butar a hannu. Na san abin da faɗin wannan ya ci masa. Sai babban amininsa ya fashe da dariya, ya dafa gwiwarsa.

"Kai, Alhaji! Har yau kana ruhwa wa ɗanka asiri?"

Duk suka ɗauka. Baba ya sake cewa shi ne, muryarsa ta yi ƙasa, ba wanda ya saurara. Ya ɗago ya dube ni yana neman shaida, ni kuma na sunkuyar da kai na ci gaba da zuba shayi.