Buhunan Yashi a Bayan Gida

Shekara huɗu muka yi a wani gida na ƙarshen Zongo. A bayansa akwai kududdufin da ruwan kwatoci ke taruwa, tudun ƙasa kawai ya raba mu da shi, muna ce masa baraji. Mijina direba ne, rabin damina yana hanyar Yamai, don haka ni ke leƙa tudun kowace safiya.

Wata rana bayan ruwan sama na tarar ya tsage, baƙin ruwa yana tsattsafowa. Na gaya wa malamin da ke maƙwabtaka da mu, dattijo mai ciwon gwiwa. Ya duba ya ce, "'Yata, kawo buhuna." Har la'asar ina zuba yashi yana ɗaurewa, wari ya hana mu magana.

Bayan kwana uku wani ma'aikaci ya zo, ya auna, ya rubuta, ya ce sai rani. Da rani ruwan ya janye, ba wanda ya sake ta da zancen. Ni ma ban tayar ba, na gaji. Buhunan shinkafa dai na riƙa tarawa ƙarƙashin gado.