Zauren da Babu Gida a Bayansa

Abin nan da zan ba ku labari ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, a Tudun Wadan Zariya, zamanin da Nasara bai daɗe da zama ƙasar nan ba, jirgin ƙasa kuma yana sabon zuwa, mutane na tasowa takanas daga ƙauyuka don su gan shi da idonsu. Yau ga ni da furfura har a gira, me zan ci da ƙarya? Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bar mini abina, amma wallahi tallahi haka aka yi.

Lokacin ina saƙa a ƙauyenmu, can gabas da birni, ban daɗe da aure ba. Mahaifiyata, Inna, yanar ido ta fara rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da inuwa-inuwa, in za ta je wani wuri sai a kama bakin sandarta ta gaba, ita ta riƙe ta baya, a ja ta. Mace ce mai kafiya, Allah ya jiƙanta, in ta ce za ta yi abu to ka je ka ɗaura wa jaki akumari kawai, gardama ɓata yawu ne. Fatake suka yi ta kawo labarin wani abu na ƙarfe mai cin wuta yana jan ɗakuna a bayansa, sai ta kafe a kan sai ta gan shi kafin idon ya ƙarasa. Na yi lallashin duniya, ta ce, "Kai wannan, in ba ka kai ni ba, sandata ta san hanya." Ni ne ɗan farinta, saboda haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, kai wannan nake har ta koma ga Allah. Ku riƙe wannan, zai dawo.

Muka kama hanya a ƙarshen damina, tana kan jaki ina ja. Shirinmu mu kalli jirgi da rana, mu shige birni mu kwana gidan wani ɗan'uwan babanmu. To shi jirgin nan ba ya zuwa don ya ga ka matsu, muka yi ta zaman jira a tasha har la'asar ta yi sanyi, sannan ya taho da kururuwarsa da hayaƙinsa, jama'a na darewa, jakina na neman tsinke igiya. Inna ta ƙura masa ɗan idon da ya rage mata har ya tsaya, sai ta taɓe baki ta ce, "To na gani. Ashe ma bakinsa ya fi shi girma." Tafiyar da muka sha ke nan, abin da na samu ke nan.

A komowa muka tarar kogin Kubanni ya cika, jaki ya ƙi shiga ruwa, da ƙyar da taimakon wasu bayin Allah muka haye, kafin mu hau tudu rana ta faɗi. Wani mai itace ya ce mana kada ma mu wahalar da kanmu, an rufe ƙofar ganuwa, sarkin ƙofa kuma ko uwarsa ce a waje sai gari ya waye, ga kuraye na yawo a gindin ganuwa da zarar duhu ya yi. Dole muka tsaya Tudun Wada. Kada ku dubi yadda take yanzu. A lokacin unguwar baƙi ce sabuwa, zauruka jefi-jefi, dangogin kara, ko'ina ramukan da aka haƙi ƙasar gini, in ka dubi wajen Gyallesu kuwa gonaki ne da duhuwa.

Na yi abin da kowane baƙo ke yi. Na zaunar da Inna a gindin bango, na shiga ɗan masallacin unguwa na bi magariba, da aka sallame na koma kusa da kayana na zauna, domin baƙo ba ya zaɓa wa kansa masauki, zama yake har Allah ya kawo mai ɗaukarsa. Ba a jima ba wani dattijo baduku, Malam Iro, ya zo ya ba ni hannu, ya ji daga inda muke, ya ce gidansa gidanmu ne. Sai dai ba shi da turke, zai kai jakin gidan wani abokinsa a ɗaure, ni in ja tsohuwa in bi lungun nan, zan ga zaure mai sabon jinka a hannun dama, in yi sallama a shiga da ita wurin mata, yana nan tafe.

Sabon jinka. A unguwar da kowane zaure jiya aka yi masa jinka, ga duhu, ga hadari ya rufe wata, ga shi ko ɗan aci-balbal ba ni da shi. Na dai ja Inna muna lalube, zauren farko da na gani a dama na ce shi ne, muka shiga. Ƙofar cikin gida an rataye mata wata tsohuwar tabarma. Na tsaya nesa kaɗan na yi sallama, sai muryar mace ta amsa daga bayan tabarmar, a hankali, murya mai daɗi, ta ce, "Maraba da baƙi. Miƙo ta nan." Na ɗan yi mamaki, domin matar aure ba ta cika amsa wa baƙon namiji da kanta ba, amma na ce garin baƙi ne, kowa da irin tasa al'adar. Ni dai na san tawa. Na juya fuskata ga bango, na runtse ido, na miƙa bakin sandar ta bayan tabarma ba tare da na waiga ba, na ji an karɓa. Wani sanyi ya ɗan taɓa yatsuna kamar ɗigon ruwa, na ce wanke-wanke take. Na ji Inna tana cewa sannu 'yar nan, sannu da aiki, muryarta tana nisa har ta ɓace.

Na shimfiɗa buzuna na zauna jiran mai gida. Sai daga baya na riƙa tuna abubuwan da ya kamata su tayar mini da hankali: lokacin tuwo ne amma babu ƙanshin hayaƙi, babu ƙarar muciya, babu kukan jariri, ko tarin tsoho babu, sai kwaɗi kawai da suka cika kunne. A lokacin gajiya ta hana ni lura, har na fara gyangyaɗi.

Ana kiran lisha na ga haske, sai ga Malam Iro da fitilar ƙwai yana leƙa zauruka. Da ya haska fuskata ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi, me kake yi a nan? Ina tsohuwar?" Na ce tana ciki wurin iyalinka. Sai ya je ya yaye tabarmar nan ya ɗaga fitila.

Jama'a, babu gida. Daga bakin ƙofar nan ɗan tudun da ya rage bai kai faɗin tabarma ba, daga nan sai kududdufi, baƙin ruwa shimfiɗe har inda hasken fitila ya ƙare, gansakuka ta rufe gefensa. Daga baya Malam Iro ya ce mini wai wani falke ne ya gina zauren, ya haƙi ƙasar a bayansa da niyyar ya cike ramin daga baya, sai wani abu ya sami iyalinsa ya tashi ya bar garin, damina ta cika ramin, zurfinsa ya shanye dogon mutum har da hannunsa a miƙe. Malam Iro bai faɗi abin da ya sami iyalin ba, ni ma ban tambaya ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, kuma ban ƙara ji ba. Uwata, makauniya, ni da hannuna na miƙa ta ƙofar nan. Na yi ta ƙwala mata kira, kwaɗin nan suka yi tsit gaba ɗaya kamar an ce musu kul, ruwa ko motsi. Na tuɓe riga zan faɗa, ni da ko a rafin ƙauyenmu ban iya iyo ba, Malam Iro ya rungume ni ta baya yana kiran maƙwabta. Maza suka fito da wutar kara da dogayen gora suna zungurar ruwa, duk sanda gora ta taɓa wani abu sai a jawo a ga reshe ne. Ina durƙushe a laka ina ta innalillahi, abin da ke yawo a kaina kawai shi ne me zan je in gaya wa ƙannena, in ce na kai ta kallon jirgi na baro ta a rami?

Muna cikin haka sai ga wata tsohuwa ta fito daga zauren da ke gaba, ashe yayar Malam Iro ce, tana dogara bango tana faɗa, wai wace irin hayaniya ce wannan an hana mutane cin abinci. Sannan ta ce, "Wane ne ɗan baƙuwar nan? Ta ce a tambaye shi ina ya cusa mata ƙullin goronta, tun ɗazu take nema."

Wallahi ban san sanda na isa zauren Malam Iro ba. Aka fito da Inna, ga ta nan garau, zanenta a bushe, ƙafarta a bushe, bakinta da maiƙon miya. Na faɗi na kama ƙafafunta ina kuka kamar yaron goye, ita kuwa ta laluba bayana ta ce, "Kai wannan, ina rigarka? A garin mutane za ka zauna tsirara?" Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya, har da masu hawaye. Daɗin da na ji a daren nan, ko ranar da aka haifa mini ɗan fari ban ji kamarsa ba.

Da hankali ya kwanta aka shiga tambaya, a nan ne dariya ta ɗauke. Abokan aikin Malam Iro suna zaune a zaurensa tun magariba suna jiran tuwo, suka rantse babu wanda ya wuce ta gabansu, gidan kuma ba shi da wata ƙofa, dangarsa ko kara ɗaya bai karye ba. Matan gida suka aiko da cewa su dai sun ɗaga kai ne suka gan ta tsaye a tsakar gida, sandarta a miƙe a gabanta, bakin sandar yana tsaye a iska kamar wani na riƙe da shi, tana ta sa albarka, sannan bakin sandar ya sauka ƙasa a hankali. Suka ɗauka mai gida ne ya sa aka shigo da ita. Inna ta ce ita ba ta san wani rami ba, yarinyar da ta karɓe ta, ce mata ta yi, "Inna, ba nan ne masaukinku ba, zo in kai ki," suka yi 'yar tafiya a kan ƙasa mai laushi, shi ke nan. Sai dai yarinyar ta ba ta saƙo, ta ce a gaya wa mazan unguwa su toshe ƙofar nan, ta gaji da tare mutane. Malam Iro ya karɓi sandar ya kai ta kusa da fitila. Bakinta na gaba jiƙe yake sharkaf, da gansakuka a nannaɗe, ga shatar yatsu a cikin lakar da ta manne. Ya miƙo mini ita, ya ce a tashi a yi lisha.

Da safe ba mu tafi ba sai da muka kwaɓa ƙasa, ni da shi da maƙwabta, muka toshe ƙofar nan da tubali har sama. Babu wanda ya yi zancen daren jiya, kowa aikinsa yake yana salati a ciki.

Sai da muka yi nisa a hanyar gida, rana ta take, Inna na kan jaki tana cin goronta, sannan ta ce akwai sauran saƙo, nawa ne ni kaɗai. Ta ce yarinyar ta ambace ni da sunan nan da ita ba ta faɗa, sunan da ban gaya wa kowa ba a Tudun Wada, ko Malam Iro sai bayan lisha ya tambaye ni. Wai yarinyar ta ce mata, "A gaya masa ya gode wa wadda ta yi masa tarbiyya, da ya kau da kai. Da ya waigo ya dube ni, da ke kaɗai za ki koma gida." Inna ta tofar da tukar goro ta ƙara da cewa, "To ka ji. Sai ka gode mini." Na gode mata, amma har yau in na ji kwaɗi sun yi shiru gaba ɗaya sai na ji sanyin nan a yatsuna.

Ko wace ce, ko mece ce, Allah ne masani, ni dai alheri ta yi mini, na dawo da uwata gida ta ƙara shekaru tana ba jikoki labarin jirgi mai ƙaton baki. Abin da zan ce muku, ku masu yawon ganin gari, ku nemi masauki tun rana na sama. In duhu ya riske ku kada ku yarda da kwatance, ku jira mai gida ya kai ku ƙofarsa da ƙafarsa, ku riƙe fitila, in kun shiga zaure ku saurara ku ji ko akwai motsin masu rai a bayansa kafin ku miƙa naku ciki. In kuma wata murya ta amsa muku sallama daga bayan tabarma, ku dubi bango.