Kwamfutar Surukina

Lokacin da nake neman auren matata, ina zaune a Shagari Low Cost, ina koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Jimeta. Gidansu yana Wuro Hausa. Mahaifinta tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, mutum marar yawan magana. In na je gaishe shi, daga bakin ƙofa nake durƙusawa, ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Wata Asabar da zafi ya yi zafi, bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, an ce kai malamin kwamfuta ne. Tawa ta tsufa. Ka sa mini sabuwar manhajar nan da kowa ke magana."

Aka fito da laftof baƙa mai nauyi. Kallo ɗaya na yi mata na san sabuwar manhajar ba ta irinta ba ce. Amma wa zai ce wa suruki ba zai yiwu ba? Na ce, "To, Baba, ƙaramin aiki ne."

Na kwashe hotunansa na aikin Hajji a filashi, na soka wani filashin nawa mai manhajar. Ta nuna cewa na'urar ba ta cika sharaɗi ba. Na san dabarar tsallake wannan, na tsallake. Aka gama lodi, ta kashe kanta don ta sake tashi. Shi ke nan. Fuskarta baƙa ƙirin, sai ɗan farin rubutu a sama: ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba.

Shi kuwa ya jawo kujera ya zauna dab da ni.

"Ta gama?"

"Saura kaɗan, Baba."

Akwai ɗan ƙaramin shiri da ke fara farkawa idan an kunna kwamfuta, shi ke nuna mata inda manhaja take. Shi ne ya ƙi. Na shiga saitin na'urar na sauya jerin abin da za ta fara dubawa. Baƙi. Na sake tashinta daga filashi, na rubuta umarnin gyara shirin. Baƙi. Gumi ya jiƙe mini riga har ta manne da bayana. Aka kawo kunun gyaɗa, ya yi sanyi a gabana. Ta bayan labule ina jin ƙawayen yarinyar da nake nema suna danne dariya. Biyu daga abokansa suka shigo, ya nuna ni ya ce, "Injiniya ne." Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Da la'asar na roƙi izinin tafiya da ita. A cikin keke napep na rungume ta a cinya, ban ɗaga kai ba har Shagari Low Cost.

A ɗakina na gano matsalar. Na raba ma'ajiyarta da sabon salo, ita kuwa tsohon salo kaɗai ta iya karantawa. Na goge, na sake rabawa. Ta tashi, amma ba sauti, ba intanet, kuma tana jan jiki kamar mai zazzaɓi. Na haƙura, na mayar mata da tsohuwar manhajarta da hotunansa.

Da na kai masa ya kunna, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Madalla! Sabuwar ma kamar ta da. Ban sha wahalar gane ta ba."

Kaina a ƙasa na ce, "Baba, ta da ɗin ce. Sabuwar ta fi ƙarfinta."

Sai ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce, "To ai sai ka faɗa tun ranar, da ka sha kununka da zafi."

Bayan damina aka ɗaura aurenmu. Har ya rasu, Injiniya yake kirana, ni kuma ban taɓa iya amsawa da ƙarfi ba.