Fitilar Mai Keke

Mai Keke ake ce mata a layin, don tun tana amarya ba a raba ta da keken ɗinki. Shagonta ƙarami ne, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da takalma, yadudduka sun cika shi har rufi. Da wannan keken ta riƙe ɗanta bayan rasuwar mijinta, har ya girma ya zama direban babbar mota. Mace ce mai kaifin ido da kaifin baki. Daga bakin ƙofa takan hango ɗinkin da ya karkace a rigar mai wucewa, kuma sai ta faɗa masa.

Abu ɗaya ne ya gagare ta, shi ne tashin safe. In ta yi asuba ta koma ta kishingiɗa, hasken taga ke tashinta. Sai maƙwabci ya ɗora bene a jikin tagar, ɗakin ya koma kamar cikin rijiya. Ta gwada agogo mai ƙara, amma da ya buga sai ta zabura gabanta na faɗuwa, ta yini da ciwon kai.

Da ɗan ya dawo daga wata tafiya sai ya zo mata da fitila, zagayayya kamar faranti.

"Umma, wannan ba ta ihu," in ji shi. "Da kaɗan-kaɗan take kamawa, ja-ja kamar fitowar rana, har ta haske ɗakin. Za ki farka ba ki san an tashe ki ba."

"Wato Direba, rana ka sayo mini a kwali? To Allah ya sa ba ta ƙona labule."

Fitilar ta karɓe ta. Takan ji hasken yana taruwa a bayan fatar idonta, ta buɗe ido a hankali ta ga kabad, ta ga madubi, ta ga hoton marigayi a bango. Har tallar fitilar ta riƙa yi wa masu kawo ɗinki.

Ba ta san ranar da abin ya fara ba. Ta dai lura hasken ba ya kai wa kabad kamar da. Tsakiyar ɗakin na haskakawa, amma kusurwoyi sai su zauna cikin duhu, kuma duhun kamar yana matsowa kusa da gado. Wata safiya ta ga wani zobe mai launi-launi ya kewaye fitilar. Ta goge ta da tsumma, zoben bai tafi ba. Ta naɗe ta a zane ta kai wa mai gyaran rediyo.

"Malam, duba mini wannan. Kayan zamani, ko shekara ba ta rufa ba ta fara mutuwa."

Ya jona ta, ya murɗa ta har ƙarshe. Nan take ya kare fuska da hannu. "Hajiya, so kike ki makantar da ni? Lafiyarta ƙalau."

"Ƙara ta dai."

"Ta ƙure ai."

Ya dube ta tana kallon tsakiyar fitilar ko ƙyaftawa ba ta yi, sai dariyarsa ta tsaya. Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi. Ta ce dama tun da ya gyara mata dutsen guga ya dawo yana jan mutane ta san aikinsa. Ta ɗauki kayarta ta fita, kafaɗarta ta bugi ƙyauren shagon.

A makon nan wata mata ta dawo da riga. Baƙin yadi ne, an bi gefensa da shuɗin zare. Mai Keke ta kai rigar bakin ƙofa, ta juya ta a rana, ba ta ga bambanci ba. Ta ba da haƙuri, abin da ba a taɓa jin ta yi ba a layin. Da matar ta tafi ta zauna ƙafarta a kan keke, ta kasa takawa. Mahaifiyarta ce ta faɗo mata a rai, zaune a tsakar gida da rana tsaka tana cewa, "Wai ba za ku kunna fitila ba ne?" Su kuwa yara suna ta dariya.

Ba ta gaya wa kowa ba. Mai gyaran rediyon ne ya kira ɗanta a waya, shi kuma ya zo ya kai ta asibiti tana faɗa har cikin mota.

Likitar ido ta daɗe tana haska mata. Ta ce ruwan cikin ido ne ya yi yawa yana danne jijiya, kuma abin da ya tafi ya tafi. Na hagu saura kaɗan. Na dama ana iya riƙe shi, in ba ta yi wasa da maganin ɗigawa ba. Sannan ta juya wajen ɗan.

"Ciwon yana bin jini, kuma ta gefe yake fara ci, mutum bai sani ba. Kai ma ya kamata a duba ka. Me kake yi?"

"Direba ne ni," ya ce yana dariya. "Likita, ni da nake hango rami tun daga nesa?"

A gida ya ɗiga mata maganin, ya ce lodi na jiran sa, in ya dawo zai je a duba shi.

"Ka je yau," ta ce. "Don Allah, ɗan nan."

Ba ta taɓa roƙon sa komai ba. Ya ce mai kaya ba zai jira ba, amma ya yi alkawari. Ya durƙusa ta sa masa albarka, ya miƙe ya ɗauki jakarsa. Wajen fita ya yi tuntuɓe da kujerar da ke gefen ƙofa, ta kife.

"Wa ya ajiye wannan a nan?" ya ce.

Shi da kansa ya jawo kujerar ɗazu ya zauna a kai. Mai Keke na zaune a bakin gado tana jin takunsa a soro, har ta ji ya tada mota ya hau titi.